Jinginar Dabinon Babanmu

A Dirku na fara gane cewa lissafin da na yi a gida lissafin mai ƙoshi ne. Kwana uku muka yi a bayan mota daga Agadas, kowa ya rungume sanda tsakanin cinyoyinsa don kada ya faɗo, sai shofer ya sauke mu a wani kango ya ce iyakar kuɗinmu ke nan. Mai son ganin Libiya ya ƙaro jika hamsin. Na ce masa ai kuɗin Sabha na biya tun a Agadas, ga shaiduna. Ya dubi shaidun nawa, ya ga duk a kangon suke tare da ni, leɓunansu sun tsage don ƙishirwa. Ya yi dariya ya tafi shan shayinsa.

Jika ashirin da biyu suka rage mini, ɗinke a ƙugun wando, su ɗin ma ba nawa ba ne. Babanmu ya rasu ya bar mana dabino goma sha bakwai a wani kwari kusa da Gidigir, cikin ƙasar Gure, dukansu da hannunsa ya dasa su. Ba mu raba gado ba, mu uku ne a kansu: ni, da yayana Mutari, da Inna. Ni na kawo shawarar jingina. A wurinmu jingina ba sayarwa ba ce. Ka karɓi kuɗi gaban shaidu, mai kuɗin ya riƙa cin amfanin itacen har ranar da ka mayar masa da abinsa, ba riba, ko da za a shekara goma. Alhaji Nuhu, wani Badamagare mai kanti a kasuwar Gure, ya ba mu jika ɗari uku, wato dubu ɗari uku na sefa. Muka biya bashin jinyar Baba, muka saya wa Inna hatsi, sauran na sa a aljihu na ce wa kowa shekara guda zan yi in dawo in fanso dabinonmu. Da bakina na faɗa, ba wanda ya matsa mini.

Kwana shida muka yi a kangon nan. A na bakwai shofer ya miƙo mini waya ya ce ga ɗan ƙasarku. Wani mutum ne mai suna Sale, yana da masauki a Sabha. Muryarsa ta gida ce sak, har ya tambaye ni ko an yi ruwa a Gidigir bana. Ya ce in ba shofer abin da ke hannuna, shi zai cika jika ashirin da takwas ɗin, in na iso na yi aiki na biya. Na yi ta sa masa albarka har na fara jin kunyar kaina.

Gidan Sale, gidan bashi ake ce masa, kuma ba a ɓoye sunan. Ɗakuna huɗu ne da tsakar gida, da ƙofar ƙarfe wadda makullinta ke wuyansa. Da safe ya raba mu wuraren aiki, ɗaukar bulo ko sauke siminti, da yamma kuɗin su shiga hannunsa kai tsaye. Yana da wani kaye, littafi mai baƙin bango, da yake rubuta komai a ciki. Tabarma da kuɗinta, ruwan wanka da kuɗinsa, har da wani abu da yake kira kuɗin ƙofa. Bayan wata guda na tambaye shi saura nawa, ya lashi yatsa ya buɗa shafi ya ce arba'in da biyar.

Na ce, "Malam Sale, ashirin da takwas fa na ci. Wata guda ina aiki."

Ya ce, "Kana aiki, kana kuma ci. Ko iska kake sha a gidan nan?"

Wata huɗu na yi kafin ya ja layi a kan sunana. Ranar har hannu ya ba ni, ya ce in gaida mutanen gida. Na yi lakwal, makarantar boko, har aji shida, na iya tarawa da ɗebewa, amma har yau ban gane yadda lissafin kayen nan yake tafiya ba. Cikin wata huɗun nan sau ɗaya na kira gida, na ce na iso lafiya, ana neman aiki.

Abin da ya fitar da ni daga Sabha hawan dabino ne. Wani Balarabe ya tsaya da mota a inda muke jiran aiki, yana neman wanda ya iya barbarar dabino, wato ya hau macen ya ɗaura mata furen namiji. Abin da nake yi tun ina ɗan shekara goma. Ya kai ni gonarsa wajen Murzuk, dabino ya fi ɗari uku a jere, ga famfo na zuba ruwa dare da rana. Ranar farko da na hau, ƙamshin furen ya bugi hancina, sai na tsaya can sama na yi kuka sosai. Ba mai ganina, kuma ko an gani ban damu ba.

A gonar na tarar da Baba Kyari, wani tsoho Bamange daga Bune. Shi ke kula da famfon. Da ya ji daga inda na fito ya gaishe ni da yarensu, ya ce, "Wushe, wushe," ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Shi ya koya mini zama da kuɗi. Ranar da aka ba ni albashin farko ya ga na dunƙule shi zan cusa a aljihu, ya ce in kawo. Ya ɗauko tsofaffin safa uku ya raba kuɗin.

Ya ce, "Wannan ta ciki ce. Wannan ta gida. Wannan ta abin da ya kawo ka. Ta ciki in ta ƙare, ta ƙare, ka sha shayi ka kwanta. Ta ukun nan ko kai ba ka da iko da ita, ka ɗauka ta Alhajin nan naku ce ka riƙe mishi."

Muka sa ta ukun a gwangwanin madara muka binne bayan ɗakin famfo. Daga nan na shiga rayuwar ƙididdiga. Burodi biyu a yini, ɗaya da safe da shayi, ɗaya da rana. Da yamma taliya da tumatirin gwangwani, gwangwani guda ya yi mana kwana uku mu biyu. Sabulu in yanka shi huɗu, kowane yanki sati biyu. Nama sai in mai gona ya yi baƙi an miƙo mana sauran. Dabinon da ya faɗo ƙasa halal ne a gare mu, shi ya riƙe mu, na ci shi har na fara jin haushin zaƙi. Na daina goro, na daina taba, takalmina na ɗaure shi da wayar famfo. Waya gida sau ɗaya a wata, minti uku, Baba Kyari na tsaye yana duba agogo kamar jandarma. Na ji daɗin wannan tsari, ba zan ɓoye ba. A karo na farko a rayuwata ina kwanciya na san nawa nake da shi da nawa ya rage. Cikin wata bakwai gwangwanin ya tara abin da ya kai jika ɗari da goma.

Sai babbar salla ta matso. A garinmu akwai wata al'ada da ba a rubuta ko'ina ba amma kowa ya san ta. Duk wanda ke Libiya zai aiko da kuɗin rago da hotonsa. A ɗaure ragon a ƙofar gida tun saura sati, masu wucewa su tsaya su taɓa bayansa su ce na wane ne da ke Libiya. Hoton kuma ya zaga gari a waya. Ƙofar da ba rago, ba mai cewa komai a fili, amma a bakin rijiya za a ce yaron nan ko ya lalace ne. Sallar farko ta same ni a gidan bashi, ƙofar Inna ba komai. Na kasa jure a yi ta biyu.

Ran wata Jumma'a na tone gwangwanin na ɗebi jika saba'in. Na ari farar jallabiya wurin wani ɗan Cadi da muke aiki tare, na wanke fuska, na jingina da motar mai gona na dafa madubinta, aka ɗauke ni. Na tsaya ta yadda ƙafafuna ba za su fito ba saboda takalmin.

Baba Kyari bai hana ni ba. Yana zaune yana gyaran tiyo ya ce, "Ragon ban ce komai ba, uwa ce. Amma motar nan fa?"

Na ce, "Baba, hoto ne kawai."

Ya ce, "In ka kira, ka gaya musu burodi biyu kake ci. Ka faɗa musu da bakinka."

Na ce to. Ranar salla na kira. Inna ta karɓa da murna, ta ce ragon ya fi na gidan mai gari, ta ce har daga Gure an zo an ga hoton. Ta ce, "Lawali, kana dai cin abinci?" Na ce, "Inna, har ture shi muke yi." Mutari ya karɓa ya ce, "Ƙanena, ashe Allah ya buɗa." Na ce, "Alhamdu lillahi, Yaya, aiki ana samu." Minti uku suka cika. Na miƙa wayar, Baba Kyari ya karɓa bai dube ni ba.

Daga nan duk wata haka nake yi. Sau da yawa na shirya maganar a bakina, da na ji Inna ta ce ɗan albarka sai maganar ta koma mini ciki.

Bayan an sauke dabinon shekarar in na tambayi albashi mai gona sai ya ce bukra, wato gobe. Wata ɗaya bukra, wata biyu bukra. A na huɗu na tare shi a bakin mota na ce ina son haƙƙina. Ya tambaye ni ina takarduna. Na ce ba ni da su, ai ya sani. Ya ce to shi ma bai san ni ba, kuma in rana ta faɗi ina gonarsa zai kira masu bindiga su tambaye ni ta inda na shigo. Ya faɗi haka a hankali, yana murmushi.

Na tone gwangwanina. Na ce wa Baba Kyari ya zo mu tafi tare, ya girgiza kai. A ranar ya gaya mini abin da bai taɓa faɗa ba. Shanu shida na gado ya sayar a shekarar fari, ya fito neman abin da zai mayar da su, yau shekara goma sha ɗaya. Shi mai gonar na riƙe masa kuɗin wata tara, in ya tafi sun tafi ke nan. Ya ce, "Ni na zama ɗan famfo." Ya ba ni bargonsa mai kauri da rabin sukarin da muke da shi, ya raka ni har bakin kwalta. Ban sake jin labarinsa ba, lambar da ya ba ni ta daina shiga.

Na koma Sabha, amma ban koma gidan Sale ba. Mu takwas muka kama wani gareji. Kullum da sassafe mu je bakin wani shatale mu tsuguna, kowa da alamar sana'arsa a gabansa, mai shebur da shebur, mai guduma da guduma. Mota ta tsaya mu ruga kamar kaji an watsa tsaba. Wata rana a samu, kwana uku ba a samu ba. Sau biyu aka yi mini aikin banza, na yini ina haƙa rami aka sallame ni da robar ruwa. Safata ta ciki ta sha ƙarewa tun tsakiyar wata. Ta ukun ban sake taɓa ta ba, ko ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni kwana tara. Wani ɗan Sudan mai gidan burodi a layinmu ya lura ba na fitowa, ya riƙa aiko mini da burodin jiya da ruwan zafi da lemun tsami. Da na warke na je in biya, ya ce in ɓace masa da gani. Ko sunansa ban riƙe ba, abin yana damuna.

Shekara biyu da wata bakwai da barina gida, na ƙirga, na sake ƙirgawa. Jika ɗari uku cif, da kuɗin mota. Na ba wani ɗan kasuwa dinarina a Sabha, na karɓi sefa wurin ƙanensa a Agadas, suka cire nasu. Tafiyar dawowa a saman kamyo, babbar motar kaya, muka yi ta, kan katifu da buhunan taliya, kwana goma sha ɗaya. Ban ji wahalarta ba. Ina ta tsara yadda zan ajiye kuɗin a gaban Alhaji Nuhu, ba tare da na ce komai ba.

Ko gida ban je ba. Daga tashar Gure na wuce kasuwa da ƙurar hanya a jikina. Alhaji Nuhu bai gane ni ba sai da na faɗi sunan Baba. Ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya sa aka kawo fura mai sanyi. Na sha, na kwance ƙullin na ajiye a kan teburin.

Ya ƙirga, ya ce, "Ɗari uku. Madalla da kai." Sai ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Mutari bai gaya maka ba ke nan."

Ya jawo kaye. A jingina akwai abin da ake kira ƙari. In mai itace ya matsu, yana iya komawa wurin mai kuɗi ya ƙaro wani abu a kan na farko, kuma duk wanda ke da gado a itacen yana da wannan iko. Na san da haka tun ina yaro, ban dai taɓa kawo shi a raina ba. Alhaji ya riƙa karantawa yana nuna mini da yatsa. Jika sittin, aikin idon Inna a Damagaram. Tamanin, hatsi, shekarar da damina ta tsaya da wuri. Arba'in, sunan ɗan Mutari. Hamsin, ɗakin Inna da ya rushe. Sai ƙanana, goma nan, sha biyar can. Kowanne da dangwalen Mutari da sunan shaida. Gaba ɗaya ƙarin ya kama ɗari biyu da tamanin.

Alhaji ya ce, "Wallahi, Lawali, da farko na hana. Na ce kada ku nutsar da itacen nan. Sai ya nuna mini hotonka da mota, ya ce kai ka ce ana samu. Na ce to, tunda akwai mai biya."

Na so in yi fushi da shi, na rasa ta inda zan kama. Bai ƙara ko dala ba, bai ɓoye komai ba. Ya ce zaɓi biyu ne. Ko in bar ɗari ukun nan a rage, saura ɗari biyu da tamanin, dabino na nan a hannunsa har a cika. Ko kuma a kira liman da mai gari a yi wa itacen kuɗi, ya cika mana abin da ya hau, itacen ya zama nasa, a shafa fatiha. Na ce a rage. Ya rubuta, na dangwala. Na fito daga kasuwa da jika huɗu a aljihu.

A gida an taru, an yi guɗa, an shimfiɗa tabarma. Na bari sai da mutane suka watse na ja Mutari bayan rumbu. Na faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa yaya. Ya bar ni na gama.

Ya ce, "Ka gama? To, ni ban sayi babur ba, ban ƙara aure ba. Idon Inna ne, da cikin yara. Duk wata ina tambayarka, kana cewa alhamdu lillahi. Da ka ce babu, da mun ci ganyen jiga da tafasa kamar kowa, da an bar ɗakin sai baɗi. Ni ma kunyarka nake ji, kullum in ce a aiko a aiko. Na ce bari in karɓa wurin Alhaji, in ka zo ka share gaba ɗaya, tunda a wurinka ba wani abu ba ne."

Inna ta ji mu. Ta kira ni ɗakinta, sabon ɗakin, ta kama damtsena da hannu biyu tana lalubawa har kafaɗa. Idon da aka yi wa aiki yana gani sosai. Ta ce, "Haka ka koma? A waya murya ba ta ramewa, shi ya sa." Ta tashi ta ɗora tukunya.

Wata biyar ke nan da dawowata. Na yi dako a kasuwar Gure, na bi motocin kanwa, na yi yankan bulo. Abin da ake samu na ciki ne kawai, wata rana ma bai kai ba. Na zauna na yi lissafi irin na Baba Kyari, na ga in a nan zan tara ɗari biyu da tamanin, sai dai jikokin Mutari su fanso itacen. Sau ɗaya na gangara kwarin. An gyara gindinsu, an sare busassun ganye, sun yi kyau fiye da lokacin da suke hannunmu. Na tsaya daga nesa, masu aikin Alhaji suka gaishe ni kamar baƙo.

Shekaranjiya na koma kantin. Na zauna na daɗe ina gaisuwa, har Alhaji ya gane da kansa. Ya ce, "Kuɗin mota?" Na ce e, na komawa Libiya, ɗari da hamsin. Ya jawo kayen, ya riƙe biro bai rubuta ba.

Ya ce, "Zai koma ɗari huɗu da talatin, ya fi ranar da ka fara tafiya. Kuma ka sani, daga wannan ba sauran ƙari. In wani cikinku ya sake zuwa, liman zan kira."

Na ce na sani. Na dangwala.

Zan fita sai na ga buhun sabon dabino a bakin ƙofa, an buɗe ana aunawa. Inna ta kwana biyu tana cewa bakinta ba daɗi. Na ciro jika ɗaya da rabi daga cikin kuɗin motar na sayi tiya guda, wato kwanon awo ɗaya, mai awon har ya yi mini gyara. Da na isa gida na zuba mata a faifai. Ta ɗauki ɗaya ta ɓare, ta tauna a hankali, ta daɗe ba ta haɗiye ba.

Ta ce, "Wannan na bakin rijiya ne, wanda babanku ya dasa shekarar da aka haife ka." Ta juya ƙwallon a tafin hannunta. "Alhaji ne ya ba mu?"

Na ce, "E, Inna. Ya ce a gaishe ki."